Martani: Wanda Ya Cire Iska Ya Cire wa Ƙwallo Fukafuki

Makalar da aka buga kwanan baya a kan wasan ƙwallon lambu, wato golf, da abin da zai sami ƙwallon idan aka buga ta inda babu iska, ta yi farin jini, kuma ta wata fuska ta cancanta. Ba kullum ake samun mai zama ya rubuta wa mai karatun Hausa kimiyyar motsi da harshen da zai gane ba. Sai dai ginshiƙin da malamin da ya rubuta makalar ya ɗora ginin nasa a kai ba zai ɗauki kaya ba. Ya ce iska ba ta tsinana wa ƙwallo komai sai cin ƙarfinta. Ya ce da za a zuƙe iskar duniya kaf, a bar ɗan wasa ya yi bugun da ya saba, da ƙwallon ta ninka nisanta. Sannan ya kafa hujja da bugun da ɗan sama jannati Alan Shepard ya yi a duniyar wata, wanda a faɗarsa ya tafi mil da mil saboda rashin iska. Duka ukun akwai gyara, kuma da yake ɗalibai ne suka fi ɗaukar irin wannan rubutu su haddace, yin shiru bai dace ba.

Mu fara da lambobi, don a nan ne maganar za ta tsaya ko ta faɗi. Dokokin wasan, waɗanda hukumar USGA ta Amurka da R&A ta garin St Andrews a Sikotilan suke kula da su, sun ce nauyin ƙwallo kada ya wuce giram 45.93, kaurinta kuma kada ya gaza milimita 42.67. Ƙwararren ɗan wasa a manyan gasannin Amurka, idan ya ɗauki babbar sandar bugun farko, ƙwallon takan bar sandar da gudun kusan mita 75 a sakan ɗaya, wato kilomita 270 a awa. Takan tashi a kwance-kwance, a kusurwar da ba ta wuce digiri 11 daga ƙasa ba, tana juyawa da baya wajen sau 2,700 a minti. Takan yi kimanin sakan shida a sama, ta kai tsayin wajen mita 30, ta sauka a nisan mita 250 ko kusa da haka. Na'urorin rada da ake girkewa bayan 'yan wasa ne suke auna waɗannan, ba ƙiyasi ba ne.

To, a ɗauke iskar kamar yadda malam ya nema, a bar komai yadda yake: ɗan wasa ɗaya, sanda ɗaya, bugu ɗaya. Yanzu babu abin da ke aiki a kan ƙwallon sai janyowar ƙasa, wadda ke rage wa duk abin da ke hawa sama gudun mita 9.8 a kowane sakan. Daga cikin gudun nan na mita 75, abin da ke fuskantar sama a kusurwar digiri 11 bai wuce mita 14 da ɗoriya ba. Sauran, kusan mita 74, gaba yake tafiya. Cikin sakan ɗaya da rabi ƙasa ta cinye mita 14 ɗin nan, ƙwallon ta tsaya da hawa a tsayin mita 10 kacal, cikin wani sakan ɗaya da rabin ta dawo ƙasa. Jimilla ba ta cika sakan uku ba. A ninka mita 74 da sakan 2.9, za a sami kusan mita 215.

Mita 215 babu iska, mita 250 da iska. Ƙwallon da aka ce za ta ninka nisanta ta ma kasa kai wanda ta saba. Duk ɗan aji biyar na sakandare mai kalkuleta zai iya bin wannan lissafi da kansa, kuma ina roƙon mai karatu ya bi, kada ya ɗauki maganata kawai.

Na gane inda malam ya samo ninkin nasa. A littattafan fiziks na makaranta ana koyar da cewa abin da aka harba inda babu iska ya fi nisa idan ya tashi a digiri 45, kuma gaskiya ne: gudun mita 75 a wannan kusurwa zai kai ƙwallo mita 570 da 'yan kai. Amma wannan wani bugu ne daban, ba wanda ɗan wasa ya saba ba. Malam ya cire iska a bainar jama'a, ya canza kusurwa a ɓoye, sannan ya ba rashin iska ladan duka. Kuma canza kusurwar ba kyauta ba ne. Sandunan da ke ɗaga ƙwallo sama sosai fuskarsu a kishingiɗe take, suna shiga ƙarƙashin ƙwallon ne su goge ta maimakon su doke ta tsakiya, don haka kaso mai yawa na ƙarfin bugun yana tafiya wajen juya ta. Gajeruwar sandar da ƙwararru ke ɗaga ƙwallo da ita zuwa bakin rami takan ba da gudun wajen mita 45 a sakan ne kawai. Ko da an yi mata alfarma an ce ta tashi a digiri 45 cif, wanda ba ta kaiwa, nisan da za ta yi babu iska mita 200 ne da ɗan ƙari. Kafin a sami gudun 75 da kusurwar 45 a bugu guda sai an ɗora ƙwallon a wuri mai tudu an doke ta daga ƙasa zuwa sama, kuma wannan ya tashi daga ƙwallon lambu.

Abin da ya ɓace a makalar gaba ɗaya shi ne juyin nan da baya. Ƙwallo mai tafiya gaba, iska tana wuce ta zuwa baya. Idan tana juyawa da baya, samanta yana tafiya tare da iskar, ƙasanta yana karo da ita. Siririn mayafin iskar da ke manne da jikin ƙwallon sai ya daɗe yana bin lanƙwasarta ta sama, ta ƙasa kuwa ya saki da wuri. Sakamakon haka iskar da ƙwallon ta bari a bayanta takan karkata ƙasa, kuma duk abin da ya tura iska ƙasa, iska za ta tura shi sama. Ana kiran wannan da sunan Bajamushe Heinrich Gustav Magnus, wanda ya yi gwaje-gwaje a kansa a Balin wajen 1852, ko da yake Isaac Newton ya lura da shi tun a 1672 a ƙwallon tanis. Mai kallon ƙwallon ƙafa ya san shi ko bai san sunansa ba. Bugun tazarar da Roberto Carlos na Barazil ya yi wa Faransa a birnin Liyon a 1997, wanda ya nufi waje sannan ya lanƙwaso ya shiga raga, wannan ƙarfi ne ya lanƙwaso shi, illa dai can juyin na gefe ne, nan kuma na baya.

Ba ƙaramin ƙarfi ba ne. A farkon tashin ƙwallon lambu, turjiyar iska takan kai wajen ninki biyu da rabi na nauyin ƙwallon, wannan malam ya yi gaskiya da ya kira ta babbar abokiyar gaba. Amma a daidai wannan lokaci ɗagawar da juyi ke samarwa ta zarce nauyin ƙwallon ita ma. Shi ya sa wanda ya tsaya bayan ƙwararre yana kallo zai ga ƙwallon ta fita ƙasa-ƙasa kamar harsashi, maimakon ta fara lanƙwasowa ƙasa sai ta miƙe tana ƙara hawa, ta ɗan yi kamar ta tsaya can ƙololuwa, sannan ta sulalo a tsaye-tsaye. Dutsen da aka jefa ba ya wannan tafiya. Iska tana karɓe wa ƙwallon fiye da rabin gudunta kafin ta sauka, ta biya ta da ninka mata lokacin zama a sama, kuma a wannan ciniki, a wannan kusurwa, ƙwallon ce ke da riba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Peter Guthrie Tait, farfesan kimiyya a Jami'ar Edinbara, ya yi fama da wannan tambaya a shekarun 1890. Ya san wasan ciki da bai, ɗansa Freddie Tait ma ya ci gasar zakarun 'yan wasan sha'awa ta Birtaniya a 1896 da 1898. Da ya lissafa tafiyar ƙwallo da janyowar ƙasa da turjiyar iska kaɗai, sai lissafin ya ƙi haɗuwa da abin da idonsa ke gani a fili: ƙwallaye suna daɗewa a sama fiye da yadda takarda ta yarda. Ya yi zargin juyi ne, 'yan wasan zamaninsa kuwa da yawa ba su yarda bugu mai kyau yana juya ƙwallo ba. Sai ya ɗaura wa ƙwallo dogon ƙyalle siriri marar murɗa, ya sa gwani ya buga ta cikin yumɓu mai tauri da ke ɗan taku kaɗan gaba, aka je aka duba. Kullum ƙyallen a murɗe ake samun sa, kuma murɗar tana nuna juyi da baya. Ƙyalle da yumɓu suka raba gardamar da malam yake son ya sake tayarwa bayan shekara ɗari da talatin.

A kan 'yan ramukan da ke jikin ƙwallon, malam ya faɗi rabin gaskiya. Ya ce an yi su ne don a rage turjiya, kuma hakan na nuna iska cikas ce kawai da masu ƙera ƙwallo ke yaƙi da ita. Tarihin abin sananne ne. Wajen 1848 aka fara yin ƙwallo da ƙaron wata bishiyar yankin Maleshiya, sumul take fitowa, sai 'yan wasa suka lura sabuwa ba ta tashi da kyau, wadda ta sha duka ta yi tabo ta fi ta nisa. Aka koma sassaƙa mata zane da guduma tun kafin a sayar, har injiniyan Ingila William Taylor ya nemi rajistar tsarin 'yan ramuka a 1905. Yau ƙwallo takan ɗauki tsakanin 300 da 500. Aikinsu shi ne su birkita mayafin iskar nan da ke jikin ƙwallon, birkitaccen mayafi kuwa ya fi manne wa jiki, yana zagayowa har can baya kafin ya saki. Duk wanda ya taɓa bin bayan tirela a hanyar da ba kwalta ya ga yadda ƙura ke tafasa a bayanta tana bin ta. Wannan fili na iska mai tafasa matsinsa ƙasa yake da na gaba, shi ke jan abin hawa baya. Ƙwallo sumul tana jan babban fili irin wannan, mai ramuka tana jan ƙarami, turjiyarta kusan rabin ta sumul. Zuwa nan muna tare. Abin da bai faɗa ba shi ne ramukan nan suna ƙara ɗagawa ma, kamar yadda masu bincike Bearman da Harvey suka auna a bututun gwajin iska a Kwalejin Imperial ta Landan a 1976. Masu ƙera ƙwallo ba guje wa iska suke ba, horar da ita suke ta yi musu dako.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce ta wurare masu tudu, kuma ba zan yi mata riƙon sakainar kashi ba. Daga 2017 zuwa 2020 an yi wata babbar gasa a filin Chapultepec da ke gefen birnin Meziko, sama da mita 2,300 daga doron teku, inda kaurin iska ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ƙwallaye sun yi nisan da ba a saba gani ba, 'yan wasa sai da suka sake lissafin kowace sanda. Ko a gida, mai wasa a filin Rayfield na Jos, a tudun da ya kai wajen mita 1,200, yana buga ƙwallo cikin iskar da ta fi ta Legas sauƙi da kusan kashi ɗaya cikin goma, kuma zai ga bambanci. Malam ya ɗauki wannan ya ja layi miƙaƙƙe: an rage iska kaɗan nisa ya ƙaru, ashe in an cire ta duka nisa zai kai maƙura. Layin ba miƙaƙƙe ba ne. A doron teku ƙwallon ƙwararre tana da rarar ɗagawa, har takan hau fiye da buƙata, saboda haka in an rage iska kaɗan, abin da ta samu na raguwar turjiya ya fi abin da ta rasa. A ci gaba da ragewa, sai a zo inda ɗagawar ba ta isa ta riƙe ta ba, lokacinta a sama ya fara zubewa daga sakan shida zuwa uku, nisan ya juyo ƙasa har ya tsaya a mita 215 ɗin da muka lissafa. Alamar hakan tana nan tun a tudun: masu koyar da wasa a irin waɗannan wurare sukan shawarci mutum ya ƙara ɗaga bugunsa, kuma mai raunin bugu, wanda dama ɗagawarsa ba ta da rara, ba ya samun ƙarin da ƙwararre ke samu.

Akwai wata kafa da mai kare makalar zai iya bi, gara in buɗe ta da kaina. Inda babu iska ƙwallon za ta sauka da gudun da ta tashi da shi, a kwance kamar yadda ta tashi, don haka za ta yi ta tsalle da gangarawa mai nisa, kuma a busasshen fili jimillar tafiyarta tana iya wuce ta yau. Haka ne. Amma makalar a kan tashi ta yi magana, kuma nisan gangarawa ya danganta da ciyawa da taurin ƙasa, ba da sararin sama ba. Sannan a duba abin da wasan zai zama. Ana haƙa ramukan yashi da tafkuna a gaban shimfiɗar ciyawar da ke kewaye da rami don a tilasta wa ɗan wasa ya tsallake su ta sama, ya sauko da ƙwallo a tsaye ta tsaya kusa da inda ta faɗi. Iska ce ke ba shi wannan saukar. Ita ce kuma ke ba shi damar lanƙwasa ƙwallo ta zagaye bishiya dama ko hagu. In babu ita, kowane bugu zai miƙe ne zuwa inda fuskar sanda ta aika shi, ya faɗo da cikakken gudunsa.

Sai maganar wata. Ranar 6 ga Fabrairu 1971, a ƙarshen fita ta biyu ta tafiyar Apollo 14, a yankin Fra Mauro, Shepard ya fito da kan sandar golf mai lamba shida, ƙirar Wilson, ya maƙala shi a ƙotar wani abin ɗiban samfurin ƙasa, abokin tafiyarsa Edgar Mitchell yana kallo. Rigar sama jannati ta yi tauri ƙwarai, hannu biyu ba su haɗuwa a kan sanda, don haka da hannu ɗaya ya yi bugun, kuma yunƙurinsa na farko ƙura ya fi kwasa. Ƙwallo biyu ya buga. Maganar mil da mil daga bakinsa ta fito, cikin raha, yana bin ta biyun da ido. A 2021, da ake cika shekara 50, wani gwanin gyaran hotuna ɗan Birtaniya, Andy Saunders, ya tace hotunan tafiyar ya gano inda ƙwallayen biyu suke kwance: ta farko ta yi yadi 24, ta biyu yadi 40, wato wajen mita 22 da mita 37. Sandar tana gidan tarihin USGA a jihar New Jersey. Wannan bai rage wa Shepard komai ba, mutumin da ya buga ƙwallo da hannu ɗaya cikin rigar da ko ƙafarsa ba ya gani sosai. Amma raha ba ma'auni ba ce, kuma bai kamata a kafa dokar kimiyya a kanta ba.

Da za a kai ƙwararren nan namu wata ya yi bugunsa na digiri 11 ba tare da rigar ta hana shi ba, ƙwallon za ta yi kusan sakan 18 a sama ta sauka a kilomita 1.3. A digiri 45 za ta haura minti ɗaya, ta yi kusan kilomita uku da rabi. Nisa ne na ban mamaki, sai dai a tambayi daga ina ya fito. Janyowar wata mita 1.62 ce a sakan, kashi ɗaya cikin shida na ta duniya. A ninka mita 215 sau shida, ga kilomita 1.3 nan ta fito. Duk ƙarin daga raunin janyowa yake; rashin iska, a wannan kusurwa, ragi ya kawo tun kafin a ninka. Wata ya bambanta da duniya ta abu biyu a lokaci guda, malam ya ɗauki aikin ɗaya ya jingina wa ɗayan. Haka zancen yake a duniyar Mas, inda janyowa take mita 3.7, iskarta kuma ba ta kai kashi biyu cikin ɗari na kaurin tamu ba: bugun nan zai yi wajen mita 550, ramuka da juyi ba su da abin kamawa.

In ana son a ga aikin iska ita kaɗai a wata, sai a ƙaddara an gina babbar rumfa a can an cika ta da irin iskarmu. Ɗagawar da ta zarce nauyin ƙwallo a duniya yanzu za ta kusa ninka shi sau goma, tunda nauyin ya ragu, ɗagawar ba ta ragu ba. Ƙwallon za ta ɗaga kai ta nufi rufin rumfar, ta ƙarar da gudunta wajen hawa. A can ne ɗan wasa zai nemi sandar da ba ta juya ƙwallo, kuma a can ne za a iya cewa ɗagawa ta zama matsala.

Malaman makaranta da suka ɗauki makalar zuwa aji suna iya gwada abin da hannunsu, ba sai da filin golf ba. A sami kofunan takarda ko na roba marasa nauyi guda biyu, a haɗa gindinsu da salatif, a ƙulla robobin ɗaure kuɗi su zama igiya, a naɗe ta a tsakiyar kofunan yadda ƙarshenta zai fito ta ƙasa yana kallon gaba, a ja a saki. Kofunan za su fita suna juyawa da baya, su hau sama, wani lokaci har su yi zobe, sannan su sauko a hankali. A juya naɗin ya fito ta sama a sake harbawa da ƙarfi ɗaya, za su nutsa ƙasa nan take. Ina fata malam zai yi wannan gwaji, ya sake lissafinsa a digiri 11, ya kuma gyara wa masu karatunsa nisan bugun Shepard zuwa yadi 40.